Lissafin Bugun Zuciya Da Ake Yaɗawa Bai Dace Da Kowane Mai Shan Maganin Hawan Jini Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi gyara a kan wani lissafi da ya karaɗe shafukan lafiya da allunan wuraren motsa jiki, har agogon hannu na zamani ma da shi suke aiki. Ana cewa mutum ya cire shekarunsa daga 220, abin da ya rage shi ne iyakar bugun da zuciyarsa za ta iya yi a minti ɗaya, sai ya riƙa motsa jiki har bugun ya kai kashi 50 zuwa 85 cikin ɗari na wannan iyaka. Ga mai lafiya da ba ya shan komai, kirdado ne da ba shi da laifi. Ga mai shan wasu magungunan hawan jini kuwa, bin sa ido rufe yana iya kai shi ƙasa, ko ya sa shi ajiye maganinsa don lamba ta hau, wanda shi ne ya fi tayar mana da hankali.

Kada wani ya ɗauki wannan wasiƙa hujjar komawa kan kujera. Tafiya da sauri, tuƙa keke, iyo da makamantansu, in an lizimce su, suna rage lambar sama ta jinin mai hawan jini, wato babbar cikin lambobi biyun da awon jini ke nunawa, da kamar 5 zuwa 8, kusan abin da ƙwayar magani ɗaya ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da aikin ƙarfafa tsoka na kwana biyu, kuma masu hawan jini suna ciki. Maganarmu a kan ma'auni ce: da me mai shan magani zai gane ya yi daidai, da me zai gane ya wuce gona da iri.

Ita kanta 220 ɗin matsakaici ce da aka fitar daga jama'a da yawa. Mutum biyu sa'o'in juna, lafiyayyu, iyakar ɗaya na iya ɗara lissafin da bugu 10 ko 12, ta ɗayan ta gaza da haka. A 2001 wani masani mai suna Tanaka da abokan aikinsa suka kawo wani lissafin, 208 a cire shekaru da aka ninka da 0.7, wanda ya fi dacewa da manya. Shi ma a kan lafiyayyun da ba sa shan maganin da ke taɓa zuciya aka gina shi. To ina ga wanda ake ba ƙwayar da aikinta ke nan ta riƙe wa zuciya linzami?

Magungunan da muke nufi su ne waɗanda likitoci ke kira bita-buloka. Gane su ba wuya, a duba kwali, sunan yakan ƙare da "lol": atenolol, metoprolol, bisoprolol, propranolol, nebivolol, labetalol, sai carvedilol. Idan mutum ya soma aiki mai nauyi, jiki yana sakin sinadarin adirenalin, shi ne ke zaburar da zuciya ta ƙara sauri da ƙarfin bugu. Waɗannan magunguna suna toshe wuraren da sinadarin ke kamawa a jikin zuciya, saƙon ya iso amma kaɗan ne ke shiga. Don haka bugun yana sauka a zaune, yana tashi a hankali in an soma tafiya, kuma yana tsayawa a wani rufi da ya yi ƙasa da na da, sau da yawa da bugu 20 zuwa 30, wani lokaci fiye, gwargwadon irin maganin da yawansa. Da gangan aka yi shi haka. Zuciyar da ba ta gaggawa ba ta buƙatar iskar oksijin mai yawa, kuma tana samun isasshen lokacin cika da jini tsakanin bugu da bugu. Shi ya sa ake ba da su ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya, wato ciwon nan na toshewar jijiyar jinin zuciya farat ɗaya, da mai ciwon ƙirji, da mai raunin zuciya, da wanda bugunsa ke rikicewa.

Mu ɗauki mai shekara 60. Allo ya ce iyakarsa 160, matsakaicin aikinsa daga 80 zuwa 112, mai tsanani har 136. Idan yana shan atenolol, rufinsa na gaskiya yana iya zama wajen 120 da 'yan kai. Akwai ma lissafin da wani masani mai suna Brawner da abokansa suka fitar a 2004 don masu ciwon jijiyoyin zuciya da ke kan irin wannan magani, 164 a cire shekaru da aka ninka da 0.7, wanda ya ba mai shekara 60 bugu 122. Ke nan 112 da allo ya kira matsakaici, a wurinsa ya haura kashi 90 cikin ɗari na duk ƙarfinsa, 136 kuwa ba zai taɓa gani ba ko da zai faɗi. Ga shi a kan injin tafiya, riga ta jiƙe sharkaf, haki ya hana shi haɗa kalma uku, cinyoyi sun yi nauyi kamar an ɗaura masu duwatsu, agogo kuma yana nuna 104 yana gaya masa bai shiga "da'irar aiki" ba. Sai ya ƙara gudun injin. A nan ne jiri da suma da ciwon ƙirji suke samun mutum.

Kuskure na biyu ya fi muni. Wasu da suka gano cewa ƙwayar ce ke riƙe bugun sai su tsallake ta ranar motsa jiki, ko su ajiye ta gaba ɗaya. Jikin da ya daɗe a kan bita-buloka yana ƙara yawan wuraren da adirenalin ke kamawa, don ya rama toshewar. In an janye maganin farat ɗaya, duk waɗannan ƙofofi sai su buɗe lokaci guda, zuciya ta kama tsere, jini ya yi tsalle, kuma ga mai ƙuntatattun jijiyoyin zuciya abin na iya kai wa ga ciwon ƙirji mai tsanani ko toshewar jijiyar jinin zuciya cikin 'yan kwanaki. Clonidine, wani maganin hawan jinin, shi ma haka yake, barin sa kwatsam yana mayar da jini sama fiye da inda yake tun farko. Idan za a bar irin waɗannan, likita ne ke rage su sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu ko fiye. Kuma a sani, ribar motsa jiki ba ta ragu don bugun bai hau ba. Tsoka tana aikinta, jijiyoyin jini suna saki, sukari yana ƙonewa, ko agogo ya yarda ko bai yarda ba.

To da me za a auna? Mafi inganci shi ne gwajin zuciya a kan injin tafiya ko keke a asibiti, an liƙa wa mutum wayoyin auna zuciya a ƙirji, ana ƙara masa nauyin aiki kowane minti biyu ko uku ana auna jini. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko aka yi masa aiki a zuciya, ko yake jin nauyin ƙirji in ya hau bene, ya kamata ya nemi wannan kafin ya soma wani abu mai tsanani. Idan manufar gwajin ita ce tsara motsa jiki, ana yin sa ne mutum yana kan maganinsa, ya sha a lokacin da ya saba, in ba likita ya ce akasin haka ba. Daga nan a yi lissafin Karvonen, wani masani ɗan ƙasar Finland da ya fito da shi a 1957. A ce gwaji ya nuna rufin mutum 124, bugunsa a zaune 58. Tazarar da ke tsakani 66 ce. Kashi 40 na 66 ya kama 26, kashi 60 ya kama kusan 40. A ɗora kowanne a kan 58, sai a samu 84 zuwa 98. Nan ne matsakaicin aikin wannan mutum, ba abin da allo ya rubuta ba. Idan kuma gwajin ya nuna zuciya tana soma ƙarancin jini a wani bugu, ana tsayar da mutum aƙalla bugu 10 ƙasa da wurin.

Wani abu da akan manta: wannan lamba tana tafiya da yawan maganin da lokacin shansa. Atenolol da bisoprolol sun fi ƙarfi a jini awa biyu zuwa huɗu bayan an haɗiye, metoprolol mai saurin narkewa awa ɗaya zuwa biyu. Wanda ya sha da safe ya fita tafiya da hantsi zai ga bugu ƙasa da wanda zai gani in ya yi tafiyar nan da yamma liƙis. Saboda haka a riƙa fita a lokaci iri ɗaya, kuma duk ranar da likita ya ƙara ko ya rage maganin, tsohuwar lambar ta tashi aiki.

Yawancin mutane ba za su samu wannan gwaji ba, kuma mai hawan jini zalla da ba shi da wata alama, in tafiya da sauri kawai zai yi, ba dole ne ya yi shi ba. Yana da ma'auni biyu a jikinsa da magani ba ya ruɗa su. Na farko magana. In kana tafiya kana iya hira da na kusa da kai, jimla cikakkiya tana fita amma rera waƙa ta gagara, kana matsakaici. In ba ka iya wuce kalma uku ko huɗu sai ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani, ka sassauta. In kuwa waƙa tana fita sumul, ka ɗan ƙara sauri. Mai tafiya shi kaɗai ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma sha biyar a bayyane ya ji ko zai kai ba tare da ya katse ba.

Na biyu ma'aunin jin wahala na Gunnar Borg, masanin ƙasar Suwidin, wanda ya tashi daga 6 zuwa 20. Shida zama ne babu motsi, 9 tafiyar yawo, 11 aiki mai sauƙi, 13 ya ɗan yi wuya amma za a iya ci gaba, 15 wuya sosai, 17 wahala ainun, 20 ƙarshen ƙarfi. Mai shan maganin hawan jini ya zauna tsakanin 11 da 13, in ya saba bayan makonni ya taɓa 14. Tambayar da zai yi wa kansa ita ce yadda dukan jiki yake ji, numfashi da ƙafafu da gajiya a haɗe. Wanda duk da haka yake son lamba, a wuraren farfaɗo da masu ciwon zuciya akan soma da ƙara bugu 20 zuwa 30 a kan bugun da mutum yake da shi yana hutawa. Mai 60 a zaune ya tsaya wajen 80 zuwa 90 a makonnin farko. In lamba da jiki suka saɓa, jiki ake bi.

Ƙirga bugun ma yana da ƙa'ida. A ɗora manuniya da ɗan yatsan tsakiya a wuyan hannu, ɓangaren babban yatsa, cikin ɗan kwarmin da ke gefen jijiya mai tauri. Ba a sa babban yatsa, domin yana da nasa bugun. A ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka da huɗu, kuma a soma nan take da an tsaya, don cikin rabin minti bugun ya soma sauka. Mun fi son wuyan hannu a kan gefen wuya: danna jijiyar wuya da ƙarfi yana iya rage bugun kwatsam ya jawo suma, musamman ga tsofaffi, danna ɓangare biyu tare kuwa ba a yin sa sam. Agogon hannu da hasken kore yake karanta jini ta fata, yana ruɗewa in ya yi sako-sako, in gumi ya yi yawa, in hannu ya yi sanyi, ko in bugun mutum ba ya tafiya a jere. Mai irin wannan rikitaccen bugu ya ƙirga da yatsa minti ɗaya cur. Bugun da ya sauka ƙasa da 50 a zaune tare da kasala ko jiri, ko wanda ya tsaya sama da 100 mutum yana hutawa, magana ce ta likita kafin a fita.

Verapamil da diltiazem su ma suna rage bugun, ko da yake ba su kai bita-buloka ba, don haka duk abin da muka faɗa ya shafe su. Sauran magungunan da aka fi sha, amlodipine da nifedipine, da masu ƙarewa da "pril" irin lisinopril da enalapril da ramipril, da masu ƙarewa da "sartan" irin losartan da valsartan da telmisartan, ba sa riƙe bugun. Mai shan su zai iya amfani da lissafin shekaru a matsayin kirdado. Tasu matsalar tana jira ne a ƙarshen motsa jiki.

Lokacin da mutum yake tafiya da sauri, jijiyoyin jinin ƙafafu suna buɗewa sosai don tsoka ta samu jini, ita kuma tsokar sha-raɓa tana matsa jinin tana tura shi sama kamar famfo a kowane taku. Da ya tsaya cak, famfon ya mutu, jijiyoyin kuma suna nan a buɗe, ga magani ya ƙara buɗe su. Jini ya taru a ƙafa, abin da ke komawa zuciya ya ragu, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Sai ka ga mutum ya gama lafiya lau, ya tsaya yana goge fuska, idonsa ya yi duhu, kunne ya ɗauki ƙara, gwiwa ta saki. Maganin wannan ba ya cin ko sisi: minti biyar zuwa goma na ƙarshe a riƙa rage sauri kaɗan-kaɗan har a koma tafiyar yawo, kada a diro daga keke ko injin tafiya a tsaya. Bayan an gama kada a shiga wanka da ruwa mai zafi nan take, zafin yana ƙara buɗe jijiyoyin fata. Wanda jiri ya kama ya kwanta rigingine ya ɗora ƙafafu a kan wani abu mai tudu, in ya warware ya zauna tukuna kafin ya miƙe. Wannan saukar jini bayan motsa jiki tana iya ɗaukar sa'o'i da dama, kuma wani ɓangare ne na amfanin da ake nema, yawanta ne kawai ake gudu.

Doxazosin da prazosin sun fi kowa wannan hali, musamman kwanakin farko ko bayan an ƙara yawansu, kuma dattawa da yawa suna shan irinsu saboda matsalar fitsari ba tare da sun san suna taɓa jini ba. Ana iya gwada kai a gida: a kwanta minti biyar a auna, a miƙe a sake aunawa bayan minti ɗaya da bayan minti uku. In lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa ta faɗi da 10, a kai wa likita wannan sakamako, wataƙila ya mayar da shan maganin dare ko ya rage shi.

Sai magungunan sa fitsari: hydrochlorothiazide, bendroflumethiazide, indapamide, chlorthalidone, furosemide. Suna rage ruwa da gishirin jiki, gumi kuma ya zo ya ƙara ragewa. Suna fitar da sinadarin fotasiyam, wanda ƙarancinsa ke kawo ɗaurewar tsoka, kasala, da rikicewar bugun zuciya daidai lokacin da ake matsa mata. Mai shan su ya kamata a riƙa duba masa gishirin jini da aikin ƙoda, bayan an soma maganin da kuma aƙalla sau ɗaya a shekara. Amma kada kowa ya sayo ƙwayar fotasiyam ko gishirin nan da ake cewa na masu hawan jini da kansa, domin mai shan "pril" ko "sartan" ko spironolactone ko amiloride jikinsa riƙe fotasiyam yake yi, yawansa kuma yana iya tsayar da zuciya. A lokacin zafi a fita da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, a rage tsawon tafiyar, a sha ruwa kafin fita da kurɓi-kurɓi a hanya. Masu bita-buloka ma zafi ya fi cin su. Mai son sanin abin da ya rasa ya hau sikeli kafin da bayan motsa jiki, kowane kilo ɗaya da ya ragu kamar lita ɗaya ce ta ruwa. Banda mai raunin zuciya ko ciwon ƙoda da aka ƙayyade wa ruwa, shi ya tsaya a kan abin da aka yanka masa. Ranar da ake zawo ko amai ko zazzaɓi babu motsa jiki, kuma a tambayi likita ko za a dakatar da maganin fitsarin da na "pril" ko "sartan" har a warke.

A nan ne maganin ciwon jiki ke shigowa, kuma mutane ba sa ɗaukarsa magani. An motsa jiki, gwiwa ta yi tsami, sai a haɗiyi ibuprofen ko diclofenac. Waɗannan suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, kuma in suka haɗu da maganin fitsari da "pril" ko "sartan" a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci, ƙoda na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Paracetamol ya fi aminci ga irin wannan ciwo. Maganin mura mai pseudoephedrine, da kayan sha masu sa kuzari, da garin da ake sha kafin ɗaga ƙarfe, duk suna ɗaga jini da bugu, a nisance su.

Mai ciwon suga da ke kan insulin ko glibenclamide ko glimepiride ko gliclazide, in aka haɗa masa da bita-buloka, ya buɗe kunne. Alamomin da ke sanar da mutum sukarinsa ya faɗi, bugawar ƙirji da rawar hannu, adirenalin ne ke kawo su, maganin kuma ya toshe su. Gumi ne kawai ke saura, shi kuwa mai motsa jiki dama gumi yake yi. Saboda haka ya auna sukari kafin ya fita. In ya gaza 100, ko 5.6 a ɗaya ma'aunin, ya sha abin da ya kai giram 15 na sukari tukuna, ya kuma riƙe wani a aljihu. In ya ji ruɗewa ko gani ya dushe ya tsaya ya auna, ƙasa da 70 faɗuwa ce. Mai asma kuma ya tabbata likitansa ya san da ita, don propranolol da irinsa suna iya shaƙe hanyoyin numfashi.

Kafin a fita, musamman a watan farko ko bayan an canza magani, a auna jini. A zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba a sha gahawa ko taba ba cikin rabin awa, mara kuma ba a cike ba. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. Ɗamarar awon ta dace da kaurin damtse, domin ƙarama a babban hannu tana ƙara lamba. In an ga 180 a sama ko 110 a ƙasa, a huta a sake, in ta tsaya a nan a fasa fita a nemi likita. In ta kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi, matsanancin ciwon kai, dushewar gani ko mutuwar wani sashe na jiki, asibiti za a nufa a take. Lambar sama ƙasa da 90, ko ƙasa da 100 tare da jiri, ita ma ta hana fita. Aunawa a tsakiyar motsa jiki da na'urar gida ba ta da amfani, motsi yana ruɗa ta, kuma tashin lambar sama a lokacin aiki abu ne da aka saba. A jira rabin awa bayan an gama.

Ɗaga ƙarfe bai haramta ga mai hawan jinin da aka shawo kansa ba. Abin gudu shi ne riƙe numfashi a yi nishi a kan kaya mai nauyi, domin a 'yan daƙiƙun nan jini yana iya tashi sama da 300 ga masu ɗaga nauyi na ƙarshe, sannan ya faɗo da an saki. A zaɓi nauyin da za a iya ɗagawa sau 10 zuwa 15 ba tare da fuska ta murtuke ba, a fitar da numfashi lokacin ɗagawa, a shaƙa lokacin saukewa, ƙirgawa a bayyane tana hana riƙe shi. Zagaye ɗaya zuwa uku, hutun minti ɗaya ko fiye a tsakani, kwana biyu ko uku a mako ba a jere ba. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 270, wanda aka buga a Birtaniya a 2023, ya nuna cewa motsa jikin da ake ƙanƙame tsoka ba tare da motsi ba, kamar jingina baya da bango a ɗan durƙusa, yana rage jini da kusan 8 bisa 4. Yadda aka fi yin sa shi ne minti biyu sau huɗu, da hutu a tsakani, sau uku a mako. Mun yarda da amfaninsa, amma jini yana hawa sosai a cikin minti biyun nan, don haka ba na wanda jininsa bai daidaita ba ne, kuma numfashi ba ya tsayawa ko daƙiƙa ɗaya.

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya soma da minti 10 zuwa 15 a rana, kwana biyar a mako, minti biyar na farko a hankali don jiki ya ɗumama. Mai bita-buloka ya ba ɗumamar nan minti goma, tunda zuciyarsa ba ta amsa kira da wuri. A riƙa ƙara minti biyar kowane mako ɗaya ko biyu har a kai rabin awa, sai an kai nan a soma tunanin ƙara sauri. Raba rabin awar gida uku a yini yana biya.

A tsaya nan take in aka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwon da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi ko tsakanin kafaɗu, ko haki da ya fi ƙarfin aikin da ake yi, ko zuciya tana fizga tana tsallake, ko gumi mai sanyi da tashin zuciya. Mata da masu ciwon suga sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin, gajiya ce ta ban mamaki da ƙarancin numfashi kawai. In hutun minti biyar bai kawar da shi ba, a nemi agajin gaggawa, kuma kada mutum ya tuƙa kansa. Karkacewar baki, harɗewar harshe, ko hannun da ya ƙi ɗaguwa alamun shanyewar ɓarin jiki ne, ba a jira a ga ko za su wuce.

Akwai wanda bita-buloka yake nauyaya wa ƙafafu har ya hana shi motsa jiki gaba ɗaya. Gajiyar takan ragu cikin 'yan makonni. In ba ta ragu ba, ya faɗa wa likita baro-baro. Idan hawan jini kaɗai aka ba shi maganin dominsa, sau da yawa akwai abin musanya, tunda a yau ba da shi ake fara wa mai hawan jini zalla ba. Idan kuma don zuciya aka ba shi, ana iya gyara yawansa ko a sauya masa wani daga cikin danginsa. Haka nan wanda ya lizimci tafiya wata biyu ko uku, ya rage ƙiba, ya soma jin jiri in ya miƙe, mai yiwuwa maganin ne ya yi masa yawa yanzu. Ya je da kwalayen duk abin da yake sha, har wanda ya saya da kansa, da takardar da ya rubuta awon jininsa na safe da yamma na kwana bakwai, da bugunsa a zaune da a tsakiyar tafiya, da lokacin da yake shan kowace ƙwaya. Da wannan takarda likita zai iya yanka masa tasa lambar.

Muna roƙon jaridarka, ranka ya daɗe, duk lokacin da za a buga jadawalin bugun zuciya bisa shekaru, a sa gargaɗi a ƙarƙashinsa cewa bai shafi masu shan atenolol da danginsa, da verapamil da diltiazem ba. Masu horarwa a wuraren motsa jiki su ma su riƙa tambayar sabon zuwa irin maganin da yake sha kafin su ɗora shi a kan inji.

Wassalam.

Naka,
Wasu ma'aikatan lafiya masu kula da masu hawan jini da ciwon zuciya